Cokula Biyu a Robar Lemuel

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa, "Malama Keturah, ko dai an sha biki ne ba a gayyace mu ba?" Ba a sha ba, 'yar'uwa. Abin da ya faru ne ya tsaya mini a rai, ko shayi na kai baki sai in ji yana ƙarni. Yau dai na ce bari in zauna in ba ku shi a tsare, yadda nake jera wa yaran ajina darasi, ko Allah zai sa in samu sauƙi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Keturah Pennicooke, ina koyar da ƙananan yara a firamaren da ke bayan layinmu. A nan Ingila aka haife ni, kakanninmu ne suka zo daga Jamaika. Ƙane ɗaya gare ni, Lemuel, bakanike. Bara, yana tsaye a tashar bas bayan ya tashi daga gareji, wasu samarin Turawa suka tare shi suna kiransa da sunan nan na wulaƙanta baƙar fata da ba zan rubuta ba. Suka yi masa taron dangi, ɗayansu ya soka masa wuƙa. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. Duk unguwa ta san sunayensu, 'yan sanda ne kaɗai wai ba su sani ba. Tambayar farko da suka yi wa mahaifiyata a asibiti, tun jininsa bai bushe a rigarta ba, ita ce ko ɗanta yana sayar da ƙwaya.

Daga nan suka haɗa mu da wata Baturiya, Sajan Hollis, wai ita ce za ta riƙa kula da mu a matsayin iyalan mamaci. Takan zo ta zauna a falonmu, a bakin doguwar kujerar nan da Mama ta ƙi cire wa leda tun ina yarinya, ta ɗora jaka a cinya, ta langaɓe kai kamar mai tausayi. Amma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta bi shi da ido.

"Wancan mai gemun fa, ɗan'uwanku ne? Yaya ma sunansa?"

Game da waɗanda suka kashe Lemuel kuwa, amsarta ba ta taɓa sauyawa ba: ana kan bincike.

Akwai wata ɗabi'a ta Mama da dole ku sani. A gidanmu ba a fita hannu rabbana. Ko mai gyaran famfo ne ya zo, sai an cika masa roba da shinkafa da wake, an ɗora cinyar kaza a kai. Kowace roba kuma Mama ta ɗiga mata jan farce a gindi, don kada a ce an manta ta wace ce. Za ta yafe maka bashin gaisuwa, amma robarta sai ta dawo. Mutum ɗaya ce tak ta taɓa ƙin karɓa, Sajan Hollis. Ko ruwan gidanmu ba ta taɓa kurɓa ba. Takan ɗaga tafin hannu ta ce dokar aiki ta hana, tana ɗan yamutsa hanci idan ƙamshin kori, yajin da muke dafa nama da shi, ya taso daga kicin.

Shi kuwa Fabian, a tattakin farko da muka yi zuwa ofishin 'yan sanda ya ɓullo. Dogo, baƙi kamar mu, mai sanyin murya, da farar motarsa ta ɗaukar kaya. Ya ce shi ma an taɓa yi wa abokinsa irin wannan, ba zai iya zama a gida yana kallo ba. Shi ya kwashe kwalayen da muka rubuta sunan Lemuel, shi ya mai da tsofaffin cocinmu gida ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ƙin aike ba. Ya gyara mana ƙofar baya, ya sauya fitilar matattakala. Da Mama ta tambayi iyayensa, ya sunkuyar da kai ya ce a gidajen renon marayu ya tashi, ba shi da kowa. Wannan kalmar ce ta gama da ita. Uwa ta rasa ɗa, ga ɗa babu uwa.

Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ta gama da ni. Kullum da safe kafin in shiga aji sai wayata ta yi ƙara:

"Malama, kin karya kuwa? Kada ki je ki faɗi a gaban ɗalibai su ce na ƙi kula da ke."

Mace mai makoki, a riƙa tambayarta ko ta ci abinci, me kuke tsammani?

Saura abu ɗaya, shi ne ƙashin bayan maganar. Akwai wata mata da ta ga komai a ranar, tana dawowa daga aikin shara. Ta ga fuskokin samarin. Ta kuma ga lokacin da motar 'yan sanda ta iso, suka bar samarin suka bi ta lungu, suka tsaya laluben aljihun Lemuel yana kwance yana zubar da jini. Takardunta na zama a ƙasar nan ba su kammala ba. Idan aka san inda take kafin ranar da za ta tsaya a gaban alƙali, buga waya ɗaya ya isa a ɗora ta a jirgi, shaidarmu ta tafi da ita. Don haka muka ɓoye ta a wani gida da ba shi da nisa da unguwarmu. Daga ni sai Mama sai lauyarmu muka san inda take. A gida ko sunanta ba ma kamawa, Baƙuwa muke ce mata.

Fabian ya sha tambayata, cikin lallashi.

"Ket, ba wai ina son sani ba ne. Tsoro nake ji kada wani abu ya same ta babu namiji a kusa."

Ni kuma in ce masa dokar Mama ce, wannan magana ba ta wuce 'yan gida.

"To ni fa?"

"Kai ai baƙo ne mai yawan ci."

Sai ya yi dariya ya dafe ƙirji kamar na harbe shi.

To, ranar Juma'ar da ta wuce, na dawo daga makaranta na tarar da Anti Merlene, yayar Mama, ta baje a kicin tana yankan kabewar miyar Asabar. Ko jakata ban ajiye ba ta fara.

"Ga ta nan, uwar haƙuri. Ke dai sai kin tsufa a cikin alli. Yaro ya ce zai zo neman aure jibi, kin tsaya kina wani 'bari in yi tunani'. Tunanin me? Jarrabawa ce?"

"Anti, ko shekara ba mu yi da saninsa ba."

"Ni mako nawa na yi da sanin kawunki kafin in aure shi?"

"Shi ya sa kullum kike cewa da kin sani."

Ta nuna ni da wuƙa. "Delrose, kin ji bakin 'yarki? Wannan ba haƙuri ba ne, rashin kunya ce ta sa tabarau."

Mama ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a gaban tukunya, ta ba mu baya. Tun rasuwar Lemuel ta rame, rigunanta duk sun yi mata yawa.

"Keturah," ta ce a hankali, "gidan nan ya yi shiru da yawa. Ina so in sake jin takun namiji a matattakalar nan. Kuma ranar zaman kotu ta matso, wa zai ɗauko Baƙuwa? Tasi za mu kira, mu ba direban da ba mu sani ba adireshinta? Idan ya zo jibi kika amsa, ya zama ɗan gida. A teburin nan zan faɗa masa inda take."

Na dubi bayan Mama. Ina son sa, kada ku ce ban faɗa ba. Na ce, "To, Mama."

Anti Merlene ta rangaɗa wata waƙar coci da ƙarfi har maƙwabta suka buga bango.

Da yamma ya zo ɗaukar kwalaye. Da zai tafi, Mama ta taka kujera ta buɗe kabad ɗin sama, ta sauko da robar da ba wanda ya taɓa tun bara. Robar Lemuel ce ta zuwa aiki, mai koren murfi, gefe ɗaya ya narke ya lanƙwashe saboda ya taɓa mantawa da ita a kan hitar ɗumama gareji. A gindinta ba ɗigo ba ne kamar sauran, harafin farko na sunansa Mama ta zana da jan farce. Ta wanke ta, ta goge, ta cika ta da naman akuya da shinkafa da soyayyar agada, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ta ɗana ce," ta ce. "Ka ci a ciki."

Idanunsa suka kawo ruwa. Wallahi na ga ruwan da idona. Ya rungume robar a ƙirji ya ce, "Mama, ban cancanci wannan ba."

Wannan ce kaɗai gaskiyar da na tabbatar ya taɓa faɗa a gidanmu.

Washegari Asabar da hantsi, ana yayyafi, sai ga Sajan Hollis. Wai a ƙarshe an amince a maido mana da kayan da ke jikin Lemuel waɗanda ba a buƙata. Ta ce kwalin yana mota, bayanta na ciwo, ko zan taimaka in ɗauko? Na zura takalmin Mama na roba na bi ta. Ta danna makulli, but ɗin bayan motar inda ake zuba kaya ya buɗe, daidai nan wayarta ta yi ƙara, ta koma gefe ƙarƙashin bishiya tana magana, ta juya mini baya.

But ɗin cike yake da tarkace: takalman motsa jiki, igiyar kare, lema a karye, ledojin kanti. Na jawo kwalin, wata leda ta zame ta buɗe.

Koren murfi.

Na ce a raina, Keturah, robobi masu koren murfi sun fi dubu a garin nan. Na sa yatsa na juya ta. Ga gefen da ya narke. Na kifa ta. Ga harafin Mama, ja, hannunta ya ɗan karkace a ƙasa kamar yadda yake yi kullum.

Ban san me ya sa na buɗe ba. Babu komai a ciki sai maiƙon kori da ya daskare ya yi rawaya, da ƙasusuwan akuya da aka tsotse tas, da tsumman takarda da aka goge baki da shi, da shatin jan baki a jiki. Da cokula biyu na roba, irin waɗanda ake bayarwa a shagon abinci.

Biyu.

Jama'a, na taɓa share aman yara a aji, na taɓa wanke wanda ya ɓata wandonsa, ban taɓa jin ƙyama ba. Amma a bakin but ɗin nan sai da na toshe bakina. Na hango su a cikin motar, a wani lungu, gilashi ya yi gumi, robar ƙanena a tsakaninsu. Yana ci tana ci. Matar da ba ta iya kurɓar ruwan gidanmu, ga ta tana tsotsar ƙashin da mahaifiyata ta tsaya a kansa tun rana. Yana ba ta labarinmu tana lashe yatsa. Me ya ce mata? Cewa tsohuwar ta taka kujera? Cewa malamar ta kusa faɗawa?

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka sauya wurin taro a asirce, muka tarar da motar 'yan sanda ta riga mu. Ranar da Hollis ta ce mini, "Na ji ba kya samun barci," alhali mutum ɗaya na faɗa wa. Gidansa da bai taɓa kai ni ba, wai abokin zamansa ƙazami ne. Tafiyar da yake yi duk tsakiyar mako, wai kai kaya wani gari, wayarsa a kashe.

Na cusa robar a cikin kwalin, ƙarƙashin rigar sanyin Lemuel, na rufe. Hollis ta gama waya ta juyo da fuskar tausayinta.

"Fuskarki ta sauya, Keturah. Na sani, karɓar kayan mamaci akwai wuya."

"Akwai wuya," na ce. "Ba za ki shigo ki sha miya ba? Ta nuna."

Ta ɗaga tafin hannu. "Kin san dokar aiki."

Na dubi bakinta. Jan bakin nan ne dai.

A ɗakina na ɓoye robar a ƙasan gado, na zauna na rubuta masa:

"Yaya naman jiya? Mama na tambayar robarta."

Ko minti ba a yi ba ya amsa:

"Ni kaɗai na cinye a tsaye kamar ɓarawo, ko abokin zamana ban sam masa ba. Na wanke ta tas, tana nan a kicin ɗina tana jiran gobe. Kin zaɓi rigar da za ki kashe ni da ita?"

Har da hoton zuciya guda uku a ƙarshe. Na ajiye wayar, na shiga banɗaki na wanke hannuna da sabulu, na sake wankewa.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ki sauka ki faɗa wa Mama nan take? Na sauka. Na tarar da ita a falo, ta shimfiɗa rigar Lemuel a cinya, ta cusa fuska a wuyan rigar tana neman ƙamshinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa. Ban da haka, akwai halina na aji. Idan yaro ya ɗauki abin wani, ba na fito da abin daga jakarsa a gaban jama'a sai na tambaye shi tukuna, na ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Shekaru ina haka, kuma yawanci yaran sukan faɗa. Sai na ce bari in yi wa Fabian haka. Mama ta ce a tebur za ta faɗa masa, to ni ma a tebur zan tambaye shi, kafin ta buɗe baki. Na ɗauka na tsara komai.

Ranar Lahadi na ce kaina na ciwo, ban je coci ba. Gaskiya ba zan iya zama kusa da shi a benci ɗaya yana rera waƙa ba. Shi ya zo ya ɗauki Mama da Anti Merlene a motarsa, shi ya dawo da su.

Mama ta fito da farantan gilashi na cikin kabad, waɗanda sai Kirsimeti ake taɓawa. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai saƙa. Shinkafa da wake da madarar kwakwa, kaza ta sha yaji ta yi duhu, agada, da zoɓo mai citta a babban jug. Na sa shuɗiyar rigata mai dogon hannu, wadda na saya saboda wannan rana tun kafin in san me ranar za ta zama. Anti Merlene ko hular coci ba ta cire ba, wata mai gashin tsuntsu da ke rawa duk sanda ta yi magana.

Shi kuwa ya sha kwat mai ruwan toka, ya yi aski, ga furanni. Ya sumbaci Mama a goshi. Ya zauna a kujerar Lemuel, don nan Mama ta nuna masa. Ƙamshin turarensa, wanda da nake nema a jikin gyalena bayan ya tafi, ya cika mini hanci kamar warin kwata.

Mama ta yi addu'a. Aka zuba abinci. Ya ci loma biyu ya lumshe ido.

"Mama, idan na mutu a kan wannan shinkafar, kada a yi kuka."

"Ci, ɗana, ci. Af, ina robata?"

Ya dafe goshi. "Kai! Na bar ta a kan wurin shanya kwanuka. Ɗoki ne, Mama, yau ko sunana aka tambaye ni sai na duba katin shaidata."

Anti Merlene ta tuntsire da dariya. "Bar shi, Delrose, yau roba ce a gabansa?"

Ya ajiye cokali, ya gyara kwat, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan akwatin zobe. Ya fara magana a kan yadda ya shigo gidan nan ba shi da kowa. Muryarsa har rawa take. Ina kallonsa ina tunani, a ina ake koya musu wannan? Akwai aji? Akwai malami irina da ke duba musu ko hawayen ya fito daidai?

"Fabian," na ce, "kafin ka ci gaba, zan tambaye ka abu ɗaya. Ka yi tunani kafin ka amsa, babu gaggawa. Da wa ka ci abincin ranar Juma'a?"

"Ke kuma!" in ji Anti Merlene. "Kishi tun ba a shiga ba?"

Ya yi murmushi. "Ni kaɗai, Malama. Na rantse."

"Ka tabbata? Zan sake tambaya sau ɗaya."

"Ket, mene ne haka?"

Na tashi na hau sama. Na dawo da robar, na matsar da farantinsa gefe, na ajiye ta a gabansa a kan farin mayafin Mama. Na buɗe murfin. Ban wanke ta ba. Warin maiƙon da ya kwana biyu ya tashi ya haɗu da ƙamshin abinci. Na ɗauko cokulan na jera su, ɗaya kusa da ɗaya, na ajiye takardar mai jan baki a tsakaninsu.

"A but ɗin Sajan Hollis na same ta," na ce. "Jiya."

Gashin tsuntsun hular Anti Merlene ya tsaya cak.

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskarsa. Na zaci zai firgita, ko ya yi kuka, ko ya ƙirƙiro wata ƙaryar. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskar ce kawai ta mutu, kamar an kashe fitila a ɗaki. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya dube ni daga cikin idanun Fabian, ya dubi ƙofa, ya dubi wayarsa da ke kan tebur. Lissafi yake yi.

"Ba yadda kike zato ba ne," ya ce. Har muryar ta sauya, ta koma irin ta 'yan sanda a ofis. "Akwai masu son amfani da iyalinku su tayar da fitina. Aikina in kare ku."

"Ka kare mu?" Anti Merlene ta miƙe, kujera ta faɗi. "Waɗanda suka kashe yaron nan suna yawo a gari suna shan giya, ku kuna nan kuna gadin tukunyar ƙanwata? Ɗan banza mai cin amana! Da baƙar fatarka! Uwar da ka ce ba ka da ita, tana raye ko?"

Ya ɗauki wayarsa daga kan tebur.

"Sunanka ma Fabian ne?" na tambaye shi.

Ya kau da kai. Ya mai da akwatin zoben aljihu a hankali, kamar kayan aikin da zai je ya mayar ma'aji.

Idon Mama na kan robar tun da na ajiye ta. Ta miƙa hannu ta ɗauke ta, ta juya gindinta ta dubi harafin, ta shafa shi da babban yatsa. Sai ta tashi, ta ɗauki farantin da ya ci a ciki, farantin Kirsimeti, da abincin da cokalin da kofin zoɓon, ta taka fedar kwandon shara murfin ya buɗe, ta zuba su duka. Ƙarar fashewar gilashin ta cika kicin.

"Tashi daga kujerar ɗana," ta ce.

Ya tashi. Ta bi shi har ƙofa, ta buɗe masa da kanta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wani ya taka dokin ƙofar nan ya fita Mama ba ta miƙa masa komai ba, sai shi. Muka ji motar ta tashi, ta karya kwana.

Na jingina da bango. Wani sanyi ya ɗan ratsa ni. Na ce, "Mama, shi ke nan. Mun tsira. Bai samu abin da ya zo nema ba."

Mama ba ta juyo ba. Hannunta na kan mariƙin ƙofa har yanzu.

"Keturah."

"Na'am, Mama."

"Da muka fito daga coci, Merlene ta tsaya gaisawa da mutane, muka zauna ni da shi a mota muna jiranta. Ya riƙe hannuna. Ya ce yana so ya san hanyar tun da wuri, kada ya ɓata ranar kotu." Ta sunkuyar da kai. "Na ce ai saura 'yan awoyi ya zama ɗana, me ya rage?"

Na ɗago daga jikin bangon. Damar da na ba shi ya faɗi gaskiya, ashe lokaci na ba shi.

"Kin faɗa masa gidan?"

"Layin na faɗa masa. Da launin ƙofar."

Na ɗauki wayata na kira lauyarmu, ta shiga ba a ɗauka ba, Lahadi ce. Na kira lambar Baƙuwa. Tana ta ƙara, tana ta ƙara.

Anti Merlene ta fizge hular daga kanta ta jefar a kan kujera, ta zazzage jakarta a tebur har makullin tsohuwar motarta da ke fake a ƙofarmu, wadda sai ta ga dama take tashi, ya faɗo cikin shinkafa. Ta tsamo shi ta goge a farin mayafin.

"Me kuke jira? Shi sai ya tsaya ya buga wa iyayen gidansa waya, su cike takarda, su nemi izini. Ni ba na neman izinin kowa. Delrose, ɗauko bargo da abinci. Ke kuma Malama, cire wannan takalmin mai tsini, yau ba ranar haƙuri ba ce."

Na cire. Da safa kawai na taka jiƙaƙƙen titi, wayar manne a kunnena. Muna shiga mota, ƙarar ta katse, aka ɗauka.

Numfashi na fara ji. Na ce, "'Yar'uwa, ni ce Keturah, kada ki buɗe wa kowa ƙofa, ga mu nan."

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da kyar nake jin ta.

"Malama, ai ga wani a bakin ƙofa yanzun nan ya iso, mai kwat ruwan toka. Ya ce Mama ce ta aiko shi."